Dabinon Sahur

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina fama da sanyin Detroit? Yaya matarka Maryam da yaran? Mu nan unguwar Ƙurban, a ƙasa mai tsarki, lafiya lau, Inna ma ƙafarta da sauƙi.

Amma raina a ɓace yake. Jiya Hajiya Bilki, maƙwabciyarku da ta zo Umara, ta ci abinci a gidanmu. Da na tambaye ta labarinka, sai ta ajiye cokali. Ta ce tun da tattalin arzikin garin ya karye aka rufe masana'antar motocin da kake aiki. Gidaje da yawa a layinku an kafe ƙofofinsu da katako. Kowace Juma'a kana bin layin abincin sadaka a bayan masallaci, da kwali a hannu, cikin ƙanƙara.

Ta ce, "Dabinon da kika aika da azumi, da shi suka yi ta sahur, uku-uku."

Uku-uku, Sani! Ni kuwa ɗan gwangwani ɗaya na aika, don kullum a waya sai ka ce min komai tamam, ba wata matsala. Ni bare ce? Wa ya goya ka har ka yi wayo?

Ban gaya wa Inna ba, kai za ka gaya mata da bakinka. Hajiya za ta kawo muku dabino kwali biyu. Ku ci, ban ce a ƙirga ba.

Ka gaida Maryam, ku sa mu a addu'a. Ni ma ina yi maka a Harami, duk da haushinka da nake ji. In ka sake ce min tamam, wallahi kashe wayar zan yi.

Yayarka,
Hajara