Tsokar da Ba a Binne Ba

Damagaram, ranar Litinin

Zuwa ga Lubabatu, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, wadda ambaton sunanta kaɗai ke jiƙa mini maƙogwaro.

Ina gaishe ki daga garin da kika bari cikin ƙishi. Shekara biyu ke nan damina na yi mana rowa, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, famfo kuwa sai tari yake yi. Amma wallahi duk wannan bai kai mini rashinki ba. Wata takwas kina Dakar, kina koyon karanta ƙwayoyin halittar ciwon daji da kwamfuta, ni ina nan labo, ɗakin gwajin asibiti, ina tsaron firigonki, akwatin sanyin nan, kamar kaza da ƙwanta. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ni ke zaga gari neman ƙanƙara, har mutane sun soma yi mini dariya.

Kin tuna ranar da muka je garin Dogo? Kin zauna gindin gawo, mata sun kewaye ki, kina gaya musu jikin mutum dogon rubutu ne, harafi ɗaya in ya karkace sai ciwo ya tsiro a nono, kuma na'ura na iya nemo harafin. Ni da aka kawo in rubuta sunaye, sai na saki baki ina kallonki, har kika harare ni. Wannan harara ce ta gama da ni. Daga baya mata goma sha tara suka zo asibiti, suka yarda a ajiye ɗan abin da aka yanka daga jikinsu cikin firigon, bisa sharaɗi guda: in kin gama karantawa, a mayar musu su binne, don ba a barin tsokar ɗan Adam a sarari. Da bakinki kika ɗaukar musu alkawari.

Lubabatu, Kaltuma ta rasu. Dattijuwar nan cikin matan goma sha tara, mai ce miki ƴata. Allah ya jiƙanta. Jiya mijinta Malam Inusa ya zo bisa amalanke. Yunwa ta kore su, ran Juma'a zai kwashi iyali su nufi Kano, kuma ya ce ba zai tafi ya bar sauran jikin matarsa cikin sanyi ba, so yake ya binne kusa da kabarinta. Na roƙe shi ya ba ni zuwa Alhamis.

Ga shi kuma na ji an ba ki wurin zama can na shekara uku, a bakin ƙanwarki na ji, ba naki ba. Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba, sai dai kewa ta danne haushin. Me zan ce wa bawan Allah nan? In za ki dawo da iliminki, zan durƙusa gabansa in roƙe shi ya bar mana amanar, ko Allah zai sa ta zama sanadin ceton ƴaƴanta mata. In kuwa ba za ki dawo ba, ki faɗa mini kafin Alhamis, in miƙa masa ya rufe abinsa, ya tafi da hankali kwance.

Shi dai ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a ba shi nasa. Ni fa, Lubabatu, wurin wa zan je in karɓo abin da kika yanka daga ƙirjina kika tafi da shi?

Naki ni kaɗai, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da ƙasar Damagaram za ta rufe ni,

Mustafa