Baba yana son jin takardun Kaka

Nima, Ankara

Assalamu alaikum Baba Tijani,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali a can Jamus. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu a nan mun gode Allah, sai dai jikin yayanka, Baba Gafaru, ya ƙi daɗi. Ciwon sukari ya gama cinye idanunsa, ga ƙafa ta kumbura, ko masallacin bayan gida ba ya iya zuwa. Koko ma sai an lallashe shi yake kurɓa.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne takardun Kaka, mahaifinku, da ka tafi da su, waɗanda ya rubuta labarin tasowarsa daga Salaga zuwa Nima a cikinsu. Da Baba ya ji ka ɗora su a shafin intanet na zuri'a, har hawaye ya yi don murna. Ya ce a kawo masa wayarsa, wadda take karanta masa saƙonni da murya. Muka buɗe, waya ta yi shiru. Ashe hoton takardun ka ɗauka, ita kuwa rubutu take iya karantawa, ba hoto ba. Ga nauyi, kafin shafi ɗaya ya buɗe data ta ƙare. Na ce bari in karanta masa da kaina, sai na tarar ajami ne, hannun Kaka kuma a cukurkuɗe. Na ɗauko wani malami daga unguwar Kotobabi, ya yi ta ƙura wa wayar ido, ya ce tawadar ta dushe, ba zai ƙaga wa mamaci magana ba. Tun ranar Baba ya juya fuska bango, bai ƙara tambaya ba.

Don Allah Baba Tijani, kai kaɗai ka rage mai gane hannun nan. Ka buga shi da boko a jikin shafin kansa, yadda waya za ta karanta. In hakan zai ɗauki lokaci, ka karanta da bakinka ka ɗora muryar, guntu-guntu don ta buɗe da sauƙi. Kada ka jira sai ka gyara shi tsaf. Likita ya kira ni gefe ranar Laraba, kuma ban gaya wa Mma abin da ya faɗa ba.

Ka gaida Anti Fulera da Fataw da Sherifa. Mma da mutanen unguwar Maamobi suna gaishe ku.

Ko shafi ɗaya ne, ka fara turowa a makon nan.

'Yarka,
Zelia