Ni da wata tsohuwa muna kuka a kabari ɗaya

Salama a gare ku 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar, domin kaina ya kulle, har addu'ar ma in na durƙusa sai in rasa abin da zan roƙa.

Ni Kirista ce, daga wani ƙauye a Ngaski kusa da bakin ruwa, ina da yara uku. Maigidana manomin albasa ne. A farkon daminar bana ya ɗauki albasarsa zai kai kasuwar Yauri, iska ta taso, jirginsu ya kife. Masunta sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, aka tsamo kowa, masu rai da waɗanda suka rasu, sai mutum biyu aka rasa, maigidana da wani saurayi Musulmi, ɗan wata tsohuwa da ke ƙauyen masunta ƙasa da mu. Bayan kwanaki gawa ɗaya ta taso a gaɓarsu. Ruwa ya riga ya ɓata ta, ba fuska ba riga. Su kuma al'adarsu wanda ruwa ya ci ba a kai shi gida, nan bakin ruwa ake rufe shi. Suka yi masa sallah suka rufe shi ƙarƙashin wata giginya, kafin labari ya iso mana an gama.

Ranar da na fara zuwa wurin da masifata na je, ni dama ba a raba ni da baki, har a zumuntar mata ta cocinmu sun san ni. Na shirya maganganun da zan zazzaga musu, a kan me za a yi wa mijina sallah. Ina isa na tarar da tsohuwar zaune a ƙasa ta dafa kabarin, duk ta rame. Ta ɗago ta ce, "Ɗiyata taho ki zamna. Ko naki na, ko nau na, Allah ya san abinai." Duk masifar nan tawa sai ta bi iska, na zauna muka yi ta kuka. Tun daga nan nake ce mata Inna. Duk Lahadi bayan sujada nakan hau babur in je, ita tana jan carbinta, ni ina rera waƙar da maigidana yake so a hankali. Ba ta taɓa ce min in yi shiru ba. Wani lokacin ma har busasshen kifi take ƙulla min in kai wa yara.

To yanzu ruwa ya fara cikowa, kuma bana ya wuce inda ya saba tsayawa. Masuntan sun ce in ya ci gaba haka giginyar ma sai ta tsaya a cikin ruwa. Wan mijina ya taso, ya ce ba zai zuba ido ruwa ya ci ƙaninsa sau biyu ba, sai an tono shi an kai maƙabartar coci an yi masa jana'iza irin tamu. Kuma gane shi ba wuya, domin maigidana ya taɓa karyewa a babur aka sa masa ƙarfe a ƙafar hagu. In an tona, ko a ga ƙarfe ko kada a gani. Na ce ya ba ni lokaci, sai ya hau ni da faɗa a gaban yara, wai na zama 'yar gidan Musulmi, wai kifi ya sa na manta da mijina. Wannan maganar ta ƙona min rai ƙwarai, har yau ban iya haɗiye ta ba. Matasanmu kuma sun fara cewa ko da izini ko babu za su je da diga, na can ma sun ji labari sun fara tsaron wurin. Ina tsoron a zubar da jini a kan wanda ya riga ya tafi.

Fasto ya zaunar da mu, ya ce ranar tashin matattu Yesu ba zai yi cigiyar kowa ba, ko a ƙasa yake ko a ruwa, amma shi ba zai yanke mana hukunci ba. Na gaskata haka da zuciya ɗaya, ni ce ma mai ba da waƙa a jana'izar wasu ina ce musu jiki ba komai ba ne. Da ya zo kaina sai na ga ina son wurin da zan dafa. Aka tafi wurin sarkin ruwan ƙauyen masuntan, ya ce ba mai taɓa kabarin sai Inna ta yarda. Inna kuma ta aiko a gaya min, ba ta amsa wa maza, amma in ni na zo da bakina na ce a tona, to a tona.

Ga inda nake. In an ga ƙarfen, na samu mijina, amma na raba tsohuwar nan da wuri ɗaya tak da take zuwa, ɗanta ke nan guda ɗaya. In ba a gani ba, ashe duk watannin nan ɗan wata nake wa waƙa, nawa yana can ƙasan ruwa. In kuma na yi shiru, ruwa zai rufe mana shi mu biyu, dangin mijina ba za su yafe min ba, a gidansu nake zaune da yarana.

Asabar wan mijina zai zo jin amsata. Jiya na je, ruwan ya taɓa saiwar giginyar, na tarar Inna tana jera duwatsu a gefen kabarin da hannunta, da ta gan ni sai ta matsa ta bar min gefena. Na durƙusa na taya ta jera duwatsun. 'Yan uwa, in ku ne ni, za ku ce mata a tona?