Kaset ɗin da ke Cikin Adakarka

Rano,
18 ga Shawwal, 1428.

Zuwa ga ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bara'atu da yara, ya tsare ku daga zazzaɓin garin nan naku na Kalaba da aka ce ruwa ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Inna ta yi azuminta cif, ban da kwana uku da ƙafar ta matsa mata, su ma ta rantse sai ta rama kafin sanyi ya shigo. Ɗan'uwanmu Sagiru ya cire gyaɗar gonar Zurgu, ta yi kyau fiye da bara, dawa kuma ta sunkuya. Matarsa Jumai ta sauka ranar bakwai ga Sallah, namiji, an mayar da sunan Baba. Inna ba ta iya kiran sunan, sai ta ce a miƙo mata maigidan, ta ɗora shi a cinya tana yi masa faɗan ya cika barci.

Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta wa Inna rabinta. Da ta ji ka sami kujerar Makka bana, sai da ta sa na maimaita wurin sau uku, ta yi ta kuka tana cewa ɗan da ta goya zai ga Ka'aba. Ni ma na yi murna, Munzali, Allah ya sani. Ni na koya maka haɗa baƙi, ni na riƙa raka ka makaranta kana riƙe da gefen zanena, don haka babu alherin da zai same ka ban ji shi a jikina ba. Ɗaya rabin ne ban karanta mata ba, wato inda ka ce hutu ba zai ishe ka zuwa gida ba, daga can za ka tashi, ni in zaga dangi da maƙwabta in yi maka sallama in nema maka yafiya kamar yadda aka saba yi wa maniyyaci. Da kuma inda ka cika shafi guda kana tsine wa maƙiyin da ya tona maganar Alhaji Ramalan don ya ɓata maka aiki. Ka zargi Lado mai bidiyo, ka zargi abokan aikinka na da. Ka daina ɗaukar alhakinsu kana shirin tafiya ɗakin Allah. Ni ce.

Ga yadda aka yi. A daminar bara rufin ɗakinka na gidan Baba ya yi yoyo, na shiga in kwashe kayanka kada su ruɓe. Adakarka ta sha ruwa, na buɗe don in shanya takardun ciki. A ƙarƙashin tsofaffin kakinka na ga kaset ɗin bidiyo an naɗe shi a leda biyu, an rubuta a jikinsa walimar saukar Alƙur'ani, Kibiya, da kwanan wata. Na san kwanan. Duk mutumin Rano ya san shi, Asabar ɗin da aka ƙona ofishin jam'iyyar abokan hamayyar Ramalan da baburan magoya bayanta, sati biyu kafin zaɓen ƙananan hukumomi. Daga baya shaidunka biyu suka rantse a kotu cewa a ranar sun ga kansilanmu Ramalan tsaye bayan la'asar yana nuna inda za a zuba fetur. Shi ya ce yana Kibiya wajen walimar 'yar ƙanwarsa, aka ce masu ba shi shaida duk danginsa ne. Lado ya ce ya ɗauki taron a bidiyo, ya kuma damƙa maka kaset ɗin hannu da hannu don kai ne mai gabatar da ƙara, kuma ɗan gari, ɗan Malam Shitu. Kai ka miƙe a gaban alƙali ka ce ba ka taɓa ganin wani kaset ba. Ina cikin kotun ranar, na je ganin ƙanena yana aiki, har ina jin daɗin yadda Turanci ke fita a bakinka.

Na kai kaset ɗin makarantarmu bayan an tashi ɗalibai, na saka a na'urar ofishina, na zauna ni kaɗai. Ga tabarmi, ga 'yan mata da alluna, ga kwanan wata da agogo suna ƙiftawa a gefen hoton. Ƙarfe huɗu da minti ashirin, sai ga Baba. Ban shirya ba, Munzali. Yana cikin farar rigar nan da wuyanta ya sha ɗinki, an kira shi ya rufe taro da addu'a, ciwon ya riga ya ci jikinsa, sati uku ke nan kafin ya rasu. Da ya shafa ya yunƙura zai tashi ya kasa. Wanda ya durƙusa ya tallafe shi, ya ɗauko masa takalmansa ya jera a gabansa, Ramalan ne. Fuskarsa ta cika allon, babu mai cewa wani ne.

Kwana tara ina ɗauke da abin nan a jakata, ina shiga aji da shi ina fita. Na zage ka a raina da kalmomin da ban san na iya ba. Na kuma nema maka uzuri iri-iri, na ce wataƙila manya ne suka matsa maka, tunda kowa ya ga waɗanda suka riƙa aiko maka da mota a lokacin, kowa ya ga ƙarin girman da ya biyo baya. Uzurin bai zauna ba. A shekarun nan kai ne kan gaba a duk taron da aka yi na neman shari'ar Musulunci, har muryarka ta dushe. Ashe shari'ar da kake so ita ce wadda za ta hau kan wani. A rana ta goma na shiga mota zuwa Kano na miƙa wa lauyan da ke ɗaukaka ƙarar Ramalan. Ya tambaye ni ko na san abin da hakan zai jawo wa ɗan'uwana, na ce masa shekara ashirin da biyu ina koyarwa, ba sai an fassara mini ba.

Kada ka ɗauka son Ramalan ne ya kai ni. Ban taɓa jefa masa ƙuri'a ba. Rijiyar burtsatsen da ya yi wa unguwarmu alkawari har yau awaki ke kwana a inda aka kafa tubalinta, kuma in ya kama lasifika sai ka nemi auduga. Amma rashin cika alkawari ba ƙone-ƙone ba ne. Shekara biyu da wata takwas ya yi a gidan yari. Yana ciki mahaifiyarsa ta rasu, aka binne ta bai gani ba. Yana ciki aka aurar da babbar 'yarsa, ƙaninsa ya yi walicci. Ya fito haƙoransa na gefe sun zube, yana tafiya yana jan ƙafar hagu. Da babbar kotu ta soke hukuncin a watan Yuli, na nemi kwafin na karanta shafi talatin da ɗaya, ban tsallake layi ba. Alƙalin bai zage ka ba, da ma ya zaga da ya fi sauƙi. Cewa ya yi aikin mai gabatar da ƙara shi ne ya ajiye wa kotu duk abin da ya sani, ko da zai rushe ƙararsa, kuma wanda ya ɓoye hujjar da za ta wanke mutum shi ya ɗaure shi, ba kotu ba. Sunanka ya fito sau goma sha ɗaya, kowanne da sunan Baba a manne da shi.

Sati biyu da fitowarsa Ramalan ya zo gaida Inna, kamar yadda yake yi tun Baba na da rai. Ita ba ta san komai ba sai cewa ɗanta ya yi aikinsa, daga baya kuma Allah ya kuɓutar da bawansa. Ya zauna a bakin ƙofa, ta yi masa jaje da ta'aziyya, ta ba shi labarin kana can kudu kana ta ƙoƙari. Ya ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Ko da wasa bai bari ta ga wani abu a fuskarsa ba. Da na raka shi zaure na buɗe baki zan ba shi haƙuri a madadinka, sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malama Hansatu, ke kin biya naki. Ɗan Malam kuwa ƙofata a buɗe take gare shi, amma ya zo da ƙafarsa."

To ka ji dalilin da ya sa ba zan iya cika maka aikenka duka ba. Zan je Rurum wajen Kawu Hammadu, zan je Kibiya wajen su Gwaggo, zan bi maƙwabta gida-gida in ce Munzali zai tafi Makka yana neman a yafe masa, za su kuma yafe, don ba ka ci musu komai ba sai ɗan rashin zumunci. Gida ɗaya ne ba a aika masa yaya. Kai ma ka yi karatu a gaban Baba, ka san aikin hajji yana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutum yana nan yana jiran mai shi. Ba na so ka tsaya a Arfa da wata talatin da biyu na rayuwar wani a wuyanka. Na lissafa, daga Kalaba zuwa nan kwana biyu ne a mota, komawa kwana biyu. Wanda aka ba hutun wata guda ba zai rasa kwana biyar ba. Lado ma yana da haƙƙi a kanka, mutumin da ka mayar maƙaryaci a bainar jama'a har aka daina kiransa biki.

Abu ɗaya nake riƙe da shi duk lokacin da fushi ya taso mini. Kana da ashana, kana da rijiya a tsakar gida, amma ba ka ƙona kaset ɗin ba, ba ka jefa shi ba. Leda biyu ka sa ka naɗe shi don kada danshi ya taɓa shi. Na san don wa ka yi hakan, domin babu wani wuri a duniya da ya rage ana ganin Baba yana motsi sai nan. Yaron da ya kasa ƙona fuskar ubansa bai gama lalacewa ba, shi nake rubuta wa wannan takarda. In kana jin haushina, ka ji, ka zo ka faɗa mini a gabana, zan saurara ina tuƙa maka tuwo.

Lauyan ya sa an yi mini kwafi. Inna ta ji ƙishin-ƙishin cewa akwai wani bidiyo da Malam yake ciki, kullum sai ta tambaye ni. Idonta na dama ya tafi, na hagun ma likita ya ce yanar tana ƙaruwa, ban san ko zai kai baɗi ba. Na ce mata sai Munzali ya zo mu kalla tare. Ba zan kunna mata ba sai kana zaune kusa da ita, ka riga ka dawo daga gidan Ramalan, don in ta nuna allon ta tambayi wane ne wannan mai jera wa Malam takalma, kai za ka ba ta amsa.

Ka gaida Bara'atu da kyau, ka ce mata daddawa da kukar da ta aiko a nema suna nan na ɗaure, sai mai ɗauka. Ka shafa mini kan Juwairiyya da Habu. Inna tana sa maka albarka, Sagiru da Jumai da maigidana Malam Ishiyaku duk suna gaisuwa. Rufin ɗakinka an gyara, na share, na shimfiɗa sabuwar tabarma.

Yayarka da ta goya ka,
Hansatu Shitu.