Ni Na Rina Wa Kakata Gashi, Gari Na Cewa Alama Ce Daga Allah

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana da na garinmu, domin da an ambaci garin, ko akuyar unguwarmu za ta gane ni ce. Iyakar abin da zan faɗa, ƙauyenmu yana bakin kogi tsakanin Makwar da Abu Hujar. Kuma ina roƙonku, kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini bai kai wanda nake yi wa kaina kullum ba. Shawara nake nema, domin na rasa inda zan sa kaina.

Ni budurwa ce, a Madani na yi karatu, da al'amura suka rikice na tattaro na dawo gida. Kafin in kamo hanyar gida na je na kwana biyu a Hasahisa wurin wata ƙawata mai shagon gyaran gashi, ita ce ta ba ni wata 'yar kwalaba ta rinin gashi, wanda muke cewa sibga, kore shar, irin wanda muke gani a waya 'yan mata na sa wa bakin gashinsu. Ta ce mini, "Ya zola, wanga ba ya zama, wanki kaɗan ya hita." Na kawo shi gida na ɓoye a ƙasan akwati, don Babana mutum ne da ko jan farce ba ya son gani a gidansa. Wata rana na kulle ɗaki na shafa wa nawa gashin, na jira, na wanke. Ko alama! Gashina baƙi ne wuluk, rinin ba ya kama baƙi sai an fara ƙone gashin da wani magani ya yi fari, ni kuma ina tsoron ya karkarye. Sai abin ya tsaya mini a rai. Wai shin wace irin kala ce wannan in ta kama? Wannan tambayar banza ita ce ta kai ni inda nake yau.

Kakata, mahaifiyar Babana, a hannuna take tun da na dawo. Idonta ya mutu, ƙafa ta ƙi, ga ciwon sukari. Ni nake mata wanka, ni nake wanke mata kai in yi mata kitso. Gashinta fari fat kamar audugar da aka tsinko yanzu, don tun rasuwar Kakanmu ta daina sa masa lalle. Ni da ita wasa muke sosai, tana kirana ƙawata, ina kiranta tsohuwa mai rigima. Amma a 'yan shekarun nan wasan ya ragu, kuma sai kun san dalili za ku gane girman abin da na yi. Iyayen iyayenta daga Sakkwato suka taso a ƙafa za su Makka, suka iso bakin kogin nan guzuri ya ƙare, suka ce bari su yi noma shekara ɗaya su wuce. Shekarar ce har yau ba ta ƙare ba. Tun ina ƙarama nake jin ta tana cewa, "Mu ba 'yan nan ba na, zango munka yi." Uwarta ta mutu ba ta ƙarasa ba, ita kuma ta sa a ranta ita za ta ƙarasa musu. Da aka fara shirin tafiyarta sai ido ya tafi, sai hanya ta rufe. Tun daga nan ta juya fuska bango, abinci sai an yi da gaske.

Ran nan da hantsi na fito da ita inuwar rumfa, na kwance mata kai na wanke, rana ta ɗan taɓa ta, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ina kallon farin gashin nan a hannuna, Shaiɗan ya ce mini ga inda kala za ta fito. Na ce a raina ai ɗan tsagi ɗaya ne, in gani in wanke, wa zai sani? Na ɗauko kwalabar, na ware gashi kamar kaurin yatsa a bayan kunnenta na dama, na shafa, na tafi na ɗora shayi. Da na dawo na wanke, sai ya ƙi fita. Gashin ya sha rinin kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwa. Na sa sabulu, na sa lemon tsami, har da toka na gwada, tana ta mita wai zan cire mata kunne, amma kore yana nan yana ƙyalli. Na tura shi can ƙarƙashin kitso, na ɗaura mata kallabi, na ce wanki na gaba zai fita.

Kafin wanki na gaba Gwaggona ta zo daga Abu Hujar. Ita ce yayar Babana, kuma ita kaɗai ce a danginmu ta taɓa sauke farali, shi ya sa in ta yi magana ba a musu. Ta zo da man karkar ta ce yau ita za ta shafa wa uwarta kai. Ina madafa ina haɗa jabana, wato gahawarmu, sai na ji salati mai ƙarfi. Na fito da faranti a hannu, na tarar ta ɗaga tsagin nan sama.

Kaka ta ce, "Ke, mi kinka gani? Kwarkwata?"

Gwaggo ta ce, "Inna, gashinki ya yi kore."

"Kore kamar mi?"

"Wallahi Inna, da idona na gane ta. Kalar ƙubbar Madina ta, sak."

Anti, a nan ne ya kamata in ajiye farantin in ce Gwaggo ki yi haƙuri, ni ce, sibga ce. Da na sha mari biyu da zagin kwana uku, da an wuce wurin, da yanzu dariya ake yi. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ga fuskar Kaka. Hawaye na bin kumatunta, tana lalubar gashin da yatsu, ta ce a hankali, "Ashe an san da ni. Ban isa ba, amma an san ina bisa hanya." Ku gaya mini, wace jika ce za ta iya cewa a wannan lokacin a'a, tsohuwa, wasa nake da kanki?

Babana da ya dawo daga gona bai yarda da sauri ba. Ya duba, ya murza, ya shinshina, ya ce shi ba ya son bidi'a a gidansa. Sannan ya juyo ya kafe ni da ido ya ce, "Ke ka yi mata kitso. Ba ki sa mata komi ba?" Na ce, "Sabulu da mai kawai, Baba." Ya ce in rantse. Kafin in yi motsi Kaka ta daka masa tsawa, ta ce, "Bar mini ƙawata! Ɗiyar ga ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Ya juya ya fita. Da ya bar ni na rantse da na fi samun sauƙi, don wannan shaidar da ta yi mini ita ce take cin raina har yau.

Kafin mako ya zagayo zance ya cika gari. Mata suka fara shigowa, wasu da dabino, wasu da turare, wasu daga ƙauyukan ƙetaren kogi. A ɗaga kallabi, a yi salati, a ce ta yi musu addu'a. Babana ya hana a karɓi ko tsinke, amma bai iya hana mutane gaida tsohuwa ba. Ita kuwa Kaka sai ta tashi kamar ba ita ba. Matar da ake roƙo ta ci loma biyu, ta koma cinye kisra ta nemi ƙari. Ta dawo da begen da take yi da asuba, ta dawo da tsokanata, tana cewa in na yi wasa ita za ta riga ni samun miji. Na ce a raina to, ƙaryar da ta tada mara lafiya ai ba ta kai ƙarya ba. Da wannan na riƙa rarrashin kaina.

Sai rini ya fara halinsa. Kowane wanki yana raguwa, daga kore shar ya koma kalar ruwan kwata. Wata maƙwabciyarmu mai baki kamar reza ta ɗaga kallabin ta ce, "Kai, ya hwara dushewa. Allah ya sa ba wani saɓo aka yi cikin gidan ga ba." A gaban Kaka ta faɗa! Ranar Kaka ba ta ci komai ba. Ta sa aka kira mata duk wanda ta taɓa yi wa faɗa tana neman gafara, har da matar da suka yi cacar baki kan kaza tun ban zo duniya ba. Washegari ta ɗauki azumi. Likitan da muke kai ta wurinsa a Makwar ya daɗe da cewa kada ta kuskura ta yi azumi, amma wa zai gaya mata ta ji? Ta ce an ba ta kyauta ta yi sakaci ana karɓewa. Ana cikin haka wata la'asar jikinta ya saki, gumi ya rufe ta, sai da muka ɗura mata ruwan sukari da cokali sannan ta dawo.

To a nan na yi wanda ya fi na farko muni. Na farko wauta ce, wannan kuwa da hankalina na yi. Na jira kowa ya tafi gona, na ce Kaka zo in wanke miki kai, na sake shafa mata. Da yamma Gwaggo ta duba ta yi guɗa, ta ce azumi ya karɓu. Kun ga abin da na jawo? Yanzu ta tabbata cewa azumi ne ke dawo da shi. Tun daga nan da na ga ya fara dushewa sai in riga kowa, in ƙara. Na iya ɓoye hannuna, na iya sa leda, na iya zubar da ruwan wankin a bayan gida kafin a gani. Ni da nake cewa ba na ƙarya, na zama gwanar ta.

Yanzu kwalabar ta ƙare. Wancan karon da tsinke na kankare gindinta. Ƙawata ta rufe shago ta bar ƙasar, lambarta ba ta shiga. Na yi ƙaryar ciwon haƙori na je kasuwar Makwar na zaga shagunan kayan mata, baƙi ne da ja da ruwan ƙasa, wani mai shago har dariya ya yi mini da na ce kore. Ko da zan samu, wa zai ba ni tabbacin kalar za ta zo ɗaya? Ga kuma sabon gashi yana fitowa fari daga tushe, ina ta dabarar kitso ina rufe shi. Kuma ko an kawo mini buhu guda, har yaushe? Sai ranar da aka zo yi mata wankan ƙarshe ina tsaye ina tsaron ƙaryata?

Na juya abin ta ko'ina. In na gaya wa Babana, na san shi, ba ya ɓoye gaskiya ko a kan kansa ne, a ƙofar masallaci zai sanar. Ni ban damu da abin da za a kira ni ba, na cancanta. Amma Kaka fa? Matan da suka durƙusa a gabanta su koma suna dariya a bakin kogi, ita kuma ta gane cewa ba a san da ita ba, jikarta ce ta gwada kwalliya a kanta tana barci. Ina tsoron ta juya bango ta ƙi juyowa. In kuma na yi shiru ya dushe, azumi za ta koma, kuma na riga na ga abin da azumi yake mata. In na faɗa na kashe ta da baƙin ciki, in na yi shiru na kashe ta da yunwa. Sallah ma in na tayar, sai in rasa da wace fuska zan ɗaga hannu.

Jiya da safe ina taje mata kai, ta kamo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Ƙawata, ni ba ni gani. Gwaggonki na iya hwaɗa mini abin da ni ka so, don ta ji daɗina. Ke kuwa ba ki iya ba. Ke ta idona. Duba mini da kyau, shina nan?"

Na duba. Ya koɗe, saura ɗan dishi-dishi, ga fari ya taso daga ƙasa.

Na ce, "Shina nan, Kaka."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. To kawo mini kunu in sha."

Ta sha, ta shanye, har ta lashe ludayi. Ranar Juma'a Gwaggo za ta zo da matan Abu Hujar, kuma abin da za ta fara yi shi ne ɗaga kallabin nan. Don Allah jama'a, wanda ya san hukuncin ya faɗa mini, wanda ya san dabara ya taimake ni. Tsohuwar nan ta ce ni ce idonta. Me zan yi?