Motar Baba a Bakin Maƙabarta

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara, ya zaman Legas? Mu lafiya lau, ruwan kogi ya fara janyewa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tsoron sabuwar motar Baba nake ji. Mai haɗa fetur da batir ce, shiru take tafiya kamar mai sanɗa. Kin san ba ya wuce maƙabartar da Umma take sai ya sassauta ya yi sallama. Yaya, duk sanda ya sassauta sai in ji wani siririn amo, irin wanda Umma ke yi in tana tsintar shinkafa, kuma cajin batirin ya ƙaru. Na ɗauka ita ce ke amsawa. Ko a littattafan soyayyata ban ga irin wannan ba.

Jiya na daure na tambaye shi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Uwata, in na taɓa birki, tayoyin ne ke juya injin lantarkin ya zama janareta. Gudun da muka rage shi ke komawa batir, maimakon ya ƙare a zafin birki."

Na gane. Amma da muka zo bakin maƙabartar, sai ya kashe rediyo. Shi ma saurare yake.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Sau biyu na so yaga takardar nan, amma Malam Sale mai kai kifi Legas gobe zai tashi. Zan ba shi.

Ƙanwarki,
Zainab