Jakar Takarda a Kan Baba

Zuwa ga ƙanena Garrett,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki ya fara warwarewa daga dukan da ya sha. Ya kafaɗar? Yara suna gaishe ka, babansu ma haka.

Ka mai da ni 'yar zamanin kakanninmu. Ni Renata, da wayata a hannu, sai da na je gidan waya na sayi kan sarki, don babban ɗan ƙwallo ya kashe tasa tun ranar da aka rufe kakar wasa. Na je gidanka, mai gadi ya ce wai ba ka ganin baƙi. Ni ce baƙuwa? Ni da na wanke maka kashi?

Na san bana ba ta yi kyau ba. Wasa goma sha bakwai, biyu kacal kuka ci, ɗayan ma don abokan karawar sun ajiye manyan 'yan wasansu ne. Ni kaina na daina sa rigarku zuwa wurin aiki. To amma yau aka fara? Kakanmu ya mutu yana zagin ƙungiyar nan, kuma da hularta aka binne shi.

A rediyo nake jin wai kwantiraginka ya ƙare, za ka koma wata ƙungiya can yammacin ƙasar. Haka za ka tafi ba sallama? Ga Baba ya zama kamar bebe. Ranar Lahadi bayan coci na yi masa pierogi, ɗan curin fulawar nan mai haɗi a ciki, ya ɗan taɓa ya ture farantin. Na ambaci sunanka, ya tashi wai zai kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa, alhali ya kwashe ta tun safe. Me ya haɗa ku?

Ka ba ni amsa, in ba haka ba in zo in ɓalle ƙofar.

Yayarka,
Renata

*

Yaya Renata,

Na gaishe ki, na gai da yara. Kafaɗa da sauƙi. Ki bar ƙofata, haya nake yi.

Tunda kin matsa, ga shi. Washegarin wasan ƙarshe muna zaune a ɗakin taro muna jiran koci, talabijin na maimaita wasan. Sai kyamara ta hasko 'yan kallo, waɗannan da suke kifa jakar takarda ta cefane a ka, su huda mata idanu, wai kada a gane su a cikin magoya bayanmu. Mun saba da su, har dariya muke yi. Wani ya ce, "Kai, ku dubi wancan tsohon, ko yatsunsa ba su cika ba, amma mu yake jin kunya!" Ɗaki ya ɗauka da dariya.

Na duba. Hannun hagu ne, babu yatsu biyun nan da injin masana'antar ƙarfe ya cinye. Kujerar kuma tamu ce, wadda Baba ya gada a wurin Kaka.

Na kusa da ni ya rage murya ya ce, "Dombek, ba tsohonka ba ne?" Duk sun san shi, ya sha gasa musu nama a bayan gidanmu. Dariya ta mutu. Da ma sun ci gaba da ita, da ya fi mini sauƙi.

Yaya, tun Oktoba da allurar kashe zafi nake shiga fili. A wasan nan namu na kwalkwali da turereniya, aikina shi ne kare mai jifan ƙwallo. Na tsaya gaban masu jifa uku a shekarar nan, ina tare musu ƙarti masu nauyin firji, ana zagina da sunan gidanmu. Duk wanda ya rufe fuska a garin nan na yafe masa. Amma mutumin da ya ɗora mini kwalkwali na farko a ka?

Gaskiya ne zan tafi yamma. Ba zan zo ba. Tunda fuskarsa ba ta son a haɗa ta da tawa, na sauƙaƙa masa.

Ki huta lafiya.
Garrett

*

Garrett,

Gaisuwa a gurguje, don raina a ɓace yake.

Ina gama karanta takardarka na ɗauki mota ko rigar sanyi ban sa ba. Na sami Baba a gareji yana goge abin da ba ya buƙatar guga. Na ce, "Baba, da girmanka? Jaka a ka, kamar ɗan shaye-shaye?" Ya ce, "Rufe ƙofar, sanyi na shigowa." Na ce, "Ɗanka ne fa a filin nan!" Ya ce, "Na fi ki sani." Na yi ta faɗa har muryata ta dushe. Da na gaji, sai ya ce, "Shi ya san dalili." Ya ci gaba da gugarsa.

Na wuce wurin Kawu Zig, tunda kujerarsa na jikin ta Baba. Ka san shi, in ya ga giya bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce, "'Yar nan, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Tun Nuwamba nake zuwa masa da jaka don tsokana, yana zama a kanta. Ranar da aka lallasa mu da maki arba'in, wani ya zagi Garrett, ubanki ya kusa cusa masa tsiran alade a hanci. Cewa yake, wanda ke jin kunyar a ci shi ya zauna gida ya kalli wasan kwaikwayo."

Na ce to me ya canza? Ya ce a wasan ƙarshe ne, bayan hutun rabin lokaci, sa'ad da aka murƙushe yaron nan Tavion, sabon mai jifanku, aka fitar da shi a ƙaramar mota gwiwa a karye. Wai Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙe, ya zaro jakar daga ƙarƙashinsa, ya huda ta da ɗan makulli.

Wata huɗu ana cin ku bai sa ba, sai a wasan da ko kun ci ba inda za ku je. Na je ne in rama maka, na dawo jikina a sanyaye. Garrett, mene ne ka sani?

Na ce wa Baba in bai rubuta maka ba, ya nemi mai yi masa girki.

Yayarka da kuka hana barci,
Renata

*

Zuwa ga ɗana Garrett Dombek,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Yayarka ta tilasta ni. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu ya kwana biyu bai riƙe biro ba.

Ban taɓa jin kunyar a ci ka ba. Na ga an kayar da kai kana ɗan makaranta, na ga an kayar da kai bana, kullum ka tashi. Babu Lahadin da ban nuna ka da sauran yatsuna na ce wancan nawa ne ba.

Mutane ƙwallo suke kallo, ni kai nake kallo. Ranar nan wani ƙato cikin abokan karawa ya taho kan mai jifanku, ka gan shi. Ka janye kafaɗa ka ba shi hanya. Masu sharhi sun ce santsin ƙanƙara ne ya kwashe ka. Ba santsi ba ne.

Na san lissafin. Wasan banza ne, kwantiragi ya ƙare, in kafaɗar ta tashi aiki babu mai ɗaukarka. Wataƙila ni ma da haka zan yi, ban sani ba. Amma yaron nan bai waiwaya ba, don ya san kai ne a wurin. Uwarsa tana zaune ƙasa da mu kaɗan. Na ji kukanta.

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina, na yi abin da na yi. Shi ma abin kunya ne. Ya kamata in jira ka a gida in faɗa maka ido da ido, ba in wulaƙanta ka gaban abokan aikinka ba. Wannan laifina ne, ina roƙon gafara.

Ban faɗa wa kowa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Ko ka tafi yamma ko ka zauna, gida gidanka ne.

Allah ya tsare.
Mahaifinka,
Casimir Dombek

*

Baba,

Ina gaisuwa. Na sami takardarka.

Jiya na je gidan su Tavion. Mahaifiyarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta rungume ni, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka da tsaron da ka yi masa bana." Ta zuba mini kaza da ganye. Ban taɓa ganin abinci mai wuyar haɗiya irin wannan ba.

Da ta fita na faɗa masa. Yana kwance, ƙafa a ɗaure. Ya ce, "Na sani, babban yaya. Na kalli hoton wasan tun ina asibiti." Na ce me ya sa bai tona ni ba. Ya ce, "Jira nake in ga ko za ka zo." Sai ya ce in cinye abincin kada mamarsa ta ji haushi. Bai ce ya yafe ba. Likita ma bai ce zai sake wasa ba.

Ban sa hannu a takardar mutanen yamma ba tukuna.

Zan zo ranar Lahadi. Don Allah ka bar Yaya ta buɗe mini ƙofa, ka zauna a ciki. Zan shigo in same ka da kaina.

Ɗanka,
Garrett